Fijo 504: a kashe tsatsa kafin a yi fenti

1/ Ra'ayina ke nan: duk wanda ke da tsohuwar Fijo 504 a gida, kar ya sayar wa 'yan gwangwan. A gyara ta, amma fa gyaran gaskiya.

2/ Motar nan ta fito a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna, a kamfanin PAN da ya fara aiki a 1975. Ita ta yi jigilar iyayenmu daga wannan tasha zuwa waccan.

3/ Abin da ke ba ni haushi: a lafta fila a kan tsatsa, a fesa fenti, wai an gama. Kafin damina biyu fentin ya kumbura. Ai tsatsa ta ciki take ci.

4/ Ɗaga kafet ka duba ƙasan motar, da gindin ƙofofi da cikin but. Inda ya ruɓe a yanke, a yi waldar sabon ƙarfe.

5/ A ciki kuma, bar mata dashbod da sitiyarinta na asali. Kujeru a sake ɗinka su. Hannun ƙofa da fitilu, leƙa Panteka ko Ƙofar Ruwa.

6/ In kuɗin bai kai ba, gyara ƙarfen, fenti ya jira.

Wa ke da 504 a gidansu har yanzu?