Kafin a Hangi Sama, a Haska Kawo

A watan Nuwamban 2025 kamfanin Starcloud na Amurka ya harba tauraron ɗan adam ɗauke da na'urar Nvidia H100, irin wadda ake horar da ƙirƙirarriyar basira da ita. A watan ne kuma Google ya bayyana shirinsa na Suncatcher, da niyyar harba taurari biyu na gwaji a farkon 2027. Sin ta riga su, domin tun Mayun 2025 ta harba taurari 12 masu sarrafa bayanai. Abin da ya kore su daga ƙasa wuta ce. Cibiyoyin sarrafa bayanai ba sa ƙoshi da lantarki, a can sama kuwa, in an dace da falaki, rana kusan ba ta faɗuwa, ba hadari, ba ƙurar hunturu.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Babu iskar da za ta sanyaya na'ura a sararin samaniya, in kuma abu ya lalace babu mai hawa ya gyara. Najeriya shaida ce: tauraron NigComSat-1 da aka harba a 2007 ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar farantansa na sola.

Darasin da wannan jarida ta gani shi ne, aikin kwamfuta wuta yake bi, duk inda take. Mu kuwa ga rana a bisa kanmu. A leƙa tashar Kawo a Kaduna: mai cajin waya ya jera wayoyi a katako, kowace da lambarta a manne, ƙaramin janareta na hayaƙi a gefe. Mai shagon kwamfuta kan ce wa ɗalibin da ya zo cire takardar JAMB, "Ba wuta, kuɗin janareta daban ne." Alhali babbar tashar lantarki ta Mando tana nan maƙwabtaka. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tafiyar da kasuwar wutarsu. Muna kira ga gwamnatin Kaduna ta yi amfani da ita. A shimfiɗa sola da batura a rufin kasuwar Kawo, da tasha, da babban asibiti, a sa mita, kowa ya biya gwargwadon abin da ya sha. A horar da matasa a Kaduna Polytechnic kan haɗawa da gyara, har da wanke farantai lokacin ƙura. Hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, ta ci gaba da bibiyar binciken sama, amma kada a zuba kuɗin talaka a gasar da masu biliyoyin daloli ma gwaji suke yi.

Duk jihar da ta tabbatar da wuta dare da rana, masu gina cibiyoyin bayanai da ƙafarsu za su zo neman fili.