Ciwon daji: an rage kuɗin likita, amma Yamai tana nan da nisanta

Daga Madawa zuwa Buza da Keita, idan aka ce tsoho ko tsohuwa na fama da ciwon daji, gidan gaba ɗaya ne ke kwantawa. Abin tambaya shi ne, ina kuɗin ke tafiya, alhali gwamnati ta yi sauƙi?

Sauƙin dai gaskiya ne. Tun 2007 aka ce magance kansar mata, irin ta nono da ta bakin mahaifa, kyauta ce a Nijar. Daga 1 ga Satumba 2024 kuma aka rage rabin kuɗin ganin likita, da awo, da kwanciya, da tiyata a asibitocin gwamnati. A Maris 2021 aka buɗe sashen gashi a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, abin da a da sai an ƙetare iyaka.

To amma cibiyar a Yamai take, wajen kilomita 500 daga Madawa. Gashin kuma makonni yake ɗauka. Ga kuɗin mota na mutum biyu, ga masauki, ga abinci, ga takardar magani da ake miƙo maka ka tafi farmasi in na asibiti ya ƙare. Mai jinya kuwa ya bar gonar gero ko garkar albasa ba kowa. Wannan duk ba ya cikin ragin.

Mun san yadda ake yi. A fara da awaki, a bi da buhunan albasa tun farashi bai tashi ba, daga nan a jinginar da gona. Sai a buga wa yaran da ke Libiya, Aljeriya ko Abijan, su turo ta Nita ko Amana.

Inda muka fi asara shi ne jinkiri. Kullutu a nono, ko jinin da ya dawo wa tsohuwa bayan ta daina al'ada, sai a ce iska ce ko sammu, a yi watanni ana jiƙe-jiƙe. Kafin a isa Tawa ko Galmi, ciwon ya bazu, dukiyar ta tafi rabi. Kunya ma na da hannu: uwa ba ta iya faɗa wa ɗanta namiji. Ƴaƴa mata da surukai, ku ne kunnenta.

Ƴan uwa na waje, ku turo kuɗin awon farko tun ciwo na ƙarami, kar ku jira sai an kwantar. A zaɓi mutum ɗaya ya riƙe kuɗi, ya adana rasit, don kar jinya ta raba zumunci. A tambayi likita ƙarara me ke kyauta, me ake biya. Gona kuwa ta zama abin taɓawa na ƙarshe, domin bayan jinya akwai bakunan da za su ci.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya saka wa masu jinya.