Koyar da Sifaniyanci: Dole ne sai an bi ta Faransanci kafin a kai ga ɗalibi?

Duk daren da Real Madrid za ta kara da Barcelona, gidajen kallon ƙwallo na Maraɗi da Damagaram kan cika tun kafin a busa usur. Yaron da malami ke fama da shi da rana, a nan zai jero sunayen ƴan wasa 11 ba tuntuɓe, ya furta "Bernabéu" kamar can aka yanke cibiyarsa. Sha'awar Sifaniyanci tana yawo a titi, amma ba kasafai take shiga aji ba.

Maganar ta ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da Nijar ta fice daga ƙungiyar OIF ta ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci suka zama harsunan aiki. Ana ta muhawara kan harsunan da ya kamata yara su koya. Abin da ba a cika taɓowa ba shi ne da wane harshe za a koya musu.

A fagen Sifaniyanci wasu ƙasashen yankin sun yi wa Nijar nisa. A Kodebuwa, ɗalibi kan zaɓi Sifaniyanci ko Jamusanci tun aji na uku na kwaleji, kuma masu koyonsa a can sun haura rabin miliyan. Benin da Senegal ma na cikin na gaba, shi ya sa cibiyar Cervantes mai yaɗa harshen ta buɗe reshenta na farko a kudu da Sahara a Dakar cikin Disamban 2021. Harshe ne na hukuma a ƙasashe 20, kuma kusan mutum miliyan 500 da shi suka buɗi baki. Ga matashin Nijar, hanya ce ta karatun likita a Kuba ko aikin tafinta.

Sai dai salon koyarwar da aka gada yana kashe gwiwa. Littafin da Faransanci yake bayani, malami da Faransanci yake fassara, darasin farko kuma jadawalin aikatau ne da za a haddace. Ɗalibin da Faransancinsa bai nuna ba an ɗora masa kaya biyu ke nan.

Alhali Hausa ta fi kusa da Sifaniyanci ta fuskoki da dama. Wasulansa biyar ne, a, e, i, o, u, kuma galibi yadda aka rubuta haka ake karantawa. Harafin "r" da ke wahalar da Bafaranshe, wanda shi daga maƙogwaro yake fitar da nasa, Bahaushe da bakin harshe yake kaɗa shi tun yana ƙarami, don haka bambanta "pero", wato amma, da "perro", wato kare, ba zai ɗauke shi mako ba. Yawancin sunayen mata da "a" suke ƙarewa a harsunan biyu, kowanne da ƴan tawayensa: gida namiji ne a Hausa, "día" ma namiji ne a Sifaniyanci.

Babban abin mamaki yana wajen "ser" da "estar", darasin da ke sa ɗaliban Faransanci gumi domin su "être" kaɗai suka sani. Bahaushe ya riga ya raba su. "Shi malami ne" daban, "yana gida" daban. Na farko shi ne "es maestro", na biyu "está en casa". Ba ko'ina suka dace ba, amma malamin da ya fara daga nan ya rage wa kansa rabin aiki.

Ga kuma gadon Larabci. Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 zuwa 1492, suka bar kalmomi kusan 4,000. "Alcalde", magajin gari, tushensa ɗaya da alƙali. "Hasta" ɗan'uwan hatta ne, "azúcar" sukari ne, "aduana" kuwa ita ce duwan da kowane ɗan kasuwar Birnin Ƙonni ya sani. A ba yara aikin farautar irin waɗannan kalmomi, aji zai ɗauki hayaniya mai amfani.

Masu tallar koyo cikin nishaɗi sukan kawo Duolingo da wasannin kwamfuta. Suna da amfani ga mai babbar waya da kuɗin data, amma ba su ne maganin ajin zana mai cike maƙil ba. Abin da ke yiwuwa a irin wannan aji ba ya cin ko dala: ɗalibai biyu su yi cinikin tumatir da Sifaniyanci, wani ya yi sharhin wasan jiya na minti ɗaya, sauran su kama masa kuskure.

Cikas ɗin a fili yake. Muddin jarrabawa nahawu a rubuce ta fi ba maki, malami zai koma ga hadda ko yana so ko ba ya so. Malamin kwantaragin da ke jiran albashi ba shi da kuzarin ƙirƙiro wasa kullum. A Yamai ko Agadas kuma, aji guda na iya haɗa Bazabarme da Buzu da Bafillace, kwatance da Hausa kaɗai zai bar wasu a baya, sai malami ya nemi makamancinsa a harsunansu. Wannan aiki ne na makarantun horar da malamai da sashen harsuna na jami'ar Abdou Moumouni, kuma matakin farko bai wuce ɗan ƙaramin littafi mai jera Sifaniyanci gefe da gefe da harsunan gida ba.