Fagen wasa: Adar na sayen ƴan ƙwallo, ta manta da renonsu

Duk shekara, da zarar an rufe makarantu an shiga dogon hutun damina, filayen ƙwallo na ƙasar Adar sukan farka daga barci. Daga Tamaske zuwa Keita, daga Buza zuwa Madawa, samari su share fili, su kafa sanduna, a sa kofi, wani alhaji ko wani mai biɗar kujera ya ɗauki nauyin riguna da takalma. Ranar wasan ƙarshe gari yakan cika kamar ranar kasuwa. Amma wanda ya tsaya bakin fili ya duba da kyau, sau da yawa zai tarar da cewa cikin masu sanye da rigar garin akwai waɗanda ba a san gidan ubansu ba. Hayarsu aka ɗauko, wani daga Tawa, wani daga Ƙonni, wani ma daga ƙetaren iyaka. Su ci kofi, su karɓi sallama, su shiga mota. Yaron unguwa kuwa, wanda ya yi wata biyu yana zuwa horo safe da marece, a bayan raga ya ƙare yana tsinto ƙwallo.

Da abin ya tsaya ga wasan hutu, da sai a ce nishaɗi ne, ba a yi masa dogon hisabi. To, amma ɗabi'ar nan ita ce ke bin ƙungiyoyin jaha har cikin gasar ƙasa. Kowa ya san yadda ake yi. Saura ƴan makonni a buɗe kakar wasa shugaban ƙungiya zai tashi neman ƴan wasa. Dillali ya zo masa da hoton bidiyo cikin wayar salula, na wani yaro da ya jefa ƙwallo uku a wani wasan da ba a san inda aka yi shi ba. Babu gwaji, babu likita, babu ko tambayar mai horo. A ba da kafin alƙalami, a kama ɗaki. Bayan wasa biyar sai a gane cewa gwiwar yaron ta daɗe da lalacewa, ko kuma bai iya gudun minti casa'in ba. Ƙarshen kaka ya tattara kayansa, baɗi a sake sabon lale. Abin mamaki, alhajin da ke sa hannu kan irin wannan ciniki ba zai taɓa sayen buhun albasa bai kwance bakinsa ya duba ƙasansa ba.

A Amurka, inda ƙwallon kwando da irin tasu ƙwallon suke da tsari na dabam, kowace shekara akan tara samarin da suka fito daga jami'o'i, ƙungiyoyi su zaɓa bi da bi, waɗanda suka zo baya a gasar da ta wuce su ne ke samun zaɓin farko. Duk da tarin masu bincike da na'urori, sukan yi zaɓen tumun dare, kuma jaridu su yi shekaru suna yi wa shugabannin ƙungiya gori. Sai dai su can, in an yi kuskuren zaɓe, rumbun yana nan cike, domin makarantu ba su daina reno ba. Ƙwallon ƙafa ba ta da wannan tsari. Wanda bai rena ba dole ya saya, kuma a kasuwar saye mai babban aljihu ke ɗaukar na gaba.

Wa ke da babban aljihu a Nijar? Jerin zakarun ƙasa ya ba da amsa. Jangorzo ta Maraɗi ta ci gasar a 1983, Espoir ta Damagaram ta bi bayanta a 1984. Daga nan har shekara arba'in, zuwa 2024, kambin bai sake fita daga Yamai ba. A Yamai ɗin ma, manyan ƙungiyoyin unguwanni da suka yi zamaninsu sun ja baya: Sahel ta ci a 2009, Olympic a 2012, sa'annan daga 2013 zuwa 2024 duk wadda ta ɗauki kambi ko dai ta masu kaki ce ko ta kamfanin gwamnati, wato Duwan, da Garde Nationale, da AS FAN ta sojoji, da SONIDEP, da Jandarma, da NIGELEC. Ba laifi ba ne gare su. Suna da albashi na ƙarshen wata, kuma wasunsu na iya yi wa yaro alkawarin da ya fi albashi daraja, wato aikin yi bayan ya ajiye takalmi. Ƙungiyar jahar Tawa, ko da irin JS Tahoua ce da ta taka rukunin farko, kafin ta buga wasa guda a Yamai sai ta biya mota da masauki na tafiyar da ta haura kilomita 500. In ta ce za ta yi gasar saye da waɗancan, ragowar kasuwa za ta kwasa. Abu guda ne take da shi wanda Yamai ba ta iya saye da wuri: yaran da ke gudu ba takalmi a Tamaske da Ibohaman da Bangi, tun ba wanda ya san sunansu.

Adar ba baƙuwar reno ba ce. A Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, kuma har yau ɗan kokowa ba ya faɗowa daga sama ya tsinci kansa cikin goman da za su wakilci jaha wajen neman takobi. Tun yana yaro ake ganinsa a dandali bayan girbi, ya kada na ƙauyensu, ya kada na gunduma, tsofaffin ƴan kokowa suna gyara masa kamu, makaɗa suna riƙe da tarihinsa. Kafin ya kai gaban gwamna, mutum ɗari na iya faɗin wane ne shi, ɗan wane ne, da wace ƙafa yake shiga. Matakalar nan ce babu a ƙwallo. Tsakanin filin unguwa da ƙungiyar manya akwai rami, kuma cikinsa ne yara ke faɗawa daga shekara 13 zuwa 18.

Kada a ce babu iri. A 2016 ƴan ƙasa da shekara 17 na Nijar suka fitar da Najeriya daga neman zuwa gasar Afirka, alhali Najeriyar ce ke riƙe da kofin duniya na wannan rukuni, wanda ta ci a 2013 da 2015. A 2017 yaran suka zo na huɗu a Gabon, suka wuce gasar duniya a Indiya, karo na farko da tutar Nijar ta tashi a wata gasar duniya ta FIFA. Suka doke Koriya ta Arewa da ci 1 da nema, suka fita daga rukunin da ke da Brazil da Spaniya, kafin Gana ta tsayar da su da ci 2 da nema. Cikin ƴan Spaniya na gasar nan akwai wani yaro Ferran Torres. Da ya koma gida ya tarar da makarantar Valencia tana jiransa, daga can ya wuce Manchester City a 2020, sa'annan Barcelona, ya kuma ci kofin Turai da ƙasarsa a 2024. Yaran Nijar da suka dawo, me suka tarar? A 2019, da aka yi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20 a Yamai da Maraɗi, Nijar mai masaukin baƙi ba ta wuce zagayen farko ba. Babbar Mena kuwa, tun zuwanta na 2012 da na 2013, ba ta sake leƙa gasar cin kofin Afirka ba har zuwa ta 2025 a Maroko. Gaskiya ne ƴan wasan gida sun kai wasan kusa da ƙarshe a gasar CHAN ta Aljeriya a farkon 2023 ƙarƙashin Harouna Doula, bayan sun fitar da Gana. Wannan ma hujja ce cewa ƙasar na haihuwa. Ci 5 da nema da Aljeriya ta yi musu a wasan ya nuna inda reno ya tsaya.

Akwai kuma maganar shekaru, wadda ba a son faɗa da ƙarfi. A ƙauyuka da yawa ba a kai haihuwa gaban hukuma kan lokaci, sai yaro ya girma a yanka masa takarda a kotu, irin wadda iyayenmu ke ɗauke da ita mai cewa «né vers». Ƙofar nan dillalai ke bi. Saurayi mai shekara 22 a rubuta masa 16, ya shiga cikin yara ya yi ta walƙiya, shugaban ƙungiya ya ɗauka ya tsinci zinariya. Shekara biyu, sa'o'insa na takarda sun kamo shi sun wuce, shi kuwa ya riga ya kai iyakarsa. Yawancin abin da ake kira rashin sa'ar zaɓe daga nan yake farawa. Tun gasar duniya ta 2009 FIFA ke amfani da hoton ƙashin wuyan hannu don tantance ƴan ƙasa da 17, kuma gwajin nan ne ya zubar da ƴan wasan Najeriya 26 gab da karawarsu da Nijar a 2016. Ƙungiyar da ta ɗauki yaro tun yana aji shida na firamare ba ta bukatar na'ura ta faɗa mata shekarunsa. Daraktan makaranta na da rajista.

Saura lissafi, tunda ƴan kasuwa ke karatu. Dokar FIFA ta ce in aka sayar da ɗan wasa mai kwantaragi daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko kowace na da rubu'in kashi ɗaya, sauran kowace rabin kashi. A ɗauka an sayar da yaro yuro miliyan ɗaya, wato kusan sefa miliyan 656. Ƙungiyar da ta riƙe shi daga 12 zuwa 17 tana da kashi 2, abin da ya haura sefa miliyan 13. Kuma duk lokacin da aka sake irin wannan ciniki a kansa, haƙƙin na sake faɗowa. Moussa Maâzou ya bar AS FAN zuwa Lokeren ta Beljiyam a 2008, a 2009 CSKA ta Mosko ta saye shi, daga baya ya yi zaman aro a Monaco da Bordeaux. Irin wannan tafiya ce ke mai da takardar lasisi jari. Amma sharaɗi guda ne: sai sunan yaron na cikin rajistar hukumar FENIFOOT da sunan ƙungiyar, shekara bi shekara. Tun watan Nuwamba na 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Paris wanda ke bin wannan rajista yana raba kuɗin. Malamin da ya yi shekara biyar yana koya wa yaro tarar ƙwallo a filin makaranta, in babu lasisi, ko dala ba ta kai gare shi.

Adarawan Abijan sun ga misalin da idonsu. A 1994 ASEC Mimosas, ƙarƙashin Roger Ouégnin, ta buɗe makarantar ƙwallo tare da Bafaranshe Jean-Marc Guillou, aka tara yaran unguwanni ana haɗa musu karatu da horo.  A watan Fabrairu na 1999 aka zuba yaran nan gaban Espérance ta Tunis a wasan Super Cup na Afirka, suka ci 3 da 1. Cikinsu akwai Kolo Touré da Didier Zokora, Yaya Touré na tafe a baya. A Senegal ma, Génération Foot da Mady Touré ya kafa a 2000 ta ƙulla da Metz ta Faransa, kuma ta hanyar nan Sadio Mané ya fita.

Ba wanda zai ce Tamaske ta gina irin makarantar ASEC. Matsalarta ma ta fi ta kuɗi zurfi. Kakar ƙwallo da rani take, kuma da rani ne Adar ke wofintar da samarinta: an gama girbi, sai Abijan, sai Najeriya, sai Libiya. Yaro mai shekara 16 da ke da ƙafa, uba na ganin sa'ansa ya turo kuɗin buhun hatsi daga cin rani, da wace hujja za a ce ya zauna yana bin ƙwallo? Mai son riƙe shi dole ya zo wa uban da abin da ake gani: kuɗin makaranta, ko wurin koyon sana'a a gareji ko shagon ɗinki, da abincin rana. Wannan bai kai abin da ake kashewa kan ƴan haya uku a hutu guda ba, sai dai ba ya kawo tafi ranar wasan ƙarshe, kuma sakamakonsa sai bayan shekara biyar ko shida, lokacin da mai neman kujera ya riga ya ci ko ya faɗi.

Kayan aikin farko suna nan cikin gundumomin uku. Akwai malaman wasanni a kolejoji, akwai tsofaffin ƴan wasa da ke zaune, akwai ƙungiyoyin ƴan asalin gari a Yamai da Abijan da Kano waɗanda suka saba haɗa kuɗin masallaci da rijiya. Gasar ƴan shekara 13 zuwa 15 tsakanin Tamaske, Keita, Buza da Madawa, ranar da babu karatu, ba ta bukatar fiye da mota ɗaya da ƙwallaye da alƙalin wasa. Ma'aikatan magajin gari su duba takardun haihuwa, reshen FENIFOOT na jaha a Tawa ya yanka lasisi. Masu shirya kofin hutu kuma suna da ikon rubuta layi guda cikin dokar gasa tun kafin damina mai zuwa: kowace ƙungiya ta sa aƙalla yara biyar ƴan ƙasa da shekara 18, haifaffun gundumar, cikin sha ɗayan farko.