Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Zaɓen Tsarin Gudanar da Aikin Kafa Sabuwar Manhaja a Kamfani

Gabatarwa

Duk kamfanin da ya bunƙasa, ko ba daɗe ko ba jima, zai kai ranar da tsohuwar manhajar da yake ajiye lissafinsa za ta gaza masa. A lokacin ne akan yi shawarar sayen sabuwa, wadda za ta haɗe kuɗi da kaya da albashi da bayanan abokan ciniki wuri guda. Da zarar an tsai da wannan shawara, sai muhawara ta kaure a kan tsarin da za a bi wajen gudanar da aikin, kowane mashawarci yana koɗa nasa kamar maroƙi a gidan biki. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, sunan tsari ba ya ceton kamfani. Abin da ke cetonsa shi ne tantance ɓangaren aikin da yake gyaruwa idan an yi kuskure da ɓangaren da ba ya gyaruwa, sannan a ba kowanne tsarin da ya dace da shi.

Manyan Tsare-tsare Biyu

Tsari na farko shi ne na magangara, wanda ake kamanta shi da ruwan da ke zubowa daga tudu zuwa kwari, ba ya komawa baya. A cikinsa ana rubuta dukkan buƙatu tun farko, sannan a zana, a gina, a gwada, a ƙarshe a miƙa. Akan danganta shi da maƙalar da Winston Royce ya rubuta a 1970, duk da cewa shi kansa ya yi gargaɗi a kan haɗarin jinkirta gwaji zuwa ƙarshen aiki. Alfanunsa shi ne ana sanin kuɗi da wa'adi tun daga tushe. Illarsa kuwa, kuskuren da aka yi a watan farko kan ɓuya sai a watan ƙarshe.

Na biyu shi ne tsarin sassauci, wanda ya yi fice bayan da masana manhaja 17 suka haɗu a jihar Yuta ta Amurka a watan Fabrairun 2001, suka fitar da ƙa'idojinsa. A nan ana yanka aiki gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta ɗauki mako biyu zuwa huɗu, a nuna wa masu amfani abin da aka gina, su yi gyara, a ci gaba. Wannan tsari yana fallasa kuskure da wuri. Sai dai an raine shi ne a hannun masu ƙirƙirar sabuwar manhaja. Kamfanin da ya sayo gamammiyar manhaja zai kwashe lissafinsa zuwa cikinta yana fuskantar wata matsala dabam, domin ba a biyan rabin albashi da sabuwar manhaja, rabi da tsohuwa, a ce ana gwaji.

Abin da Tarihi ya Nuna

Kamfanin alewar cakulan na Hershey da ke Amurka ya kashe kimanin dala miliyan 112 wajen kafa manhajoji uku a lokaci guda: SAP da Manugistics da Siebel. An ba da shawarar a yi aikin cikin wata 48, amma aka matse shi zuwa wata 30 don a riga shigowar shekarar 2000. Da aka matse wa'adi, gwaji ne ya ji a jikinsa. Aka kunna sabon tsarin a watan Yulin 1999, daidai lokacin da 'yan kasuwa ke tururuwar yin odar bukukuwan ƙarshen shekara. Ga kaya jibge a rumbuna, amma kamfanin ya kasa isar da odar da ta kai ta dala miliyan 100, ribarsa ta wannan zango kuma ta faɗi da kashi 19 cikin ɗari.

Bayan kusan shekara ashirin, bankin TSB na Birtaniya ya faɗa irin wannan rami. A watan Afrilun 2018 ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa sama da miliyan biyar zuwa sabuwar manhaja a ƙarshen mako guda. Mutane da yawa suka kasa shiga asusunsu, wasu ma suka riƙa ganin bayanan asusun da ba nasu ba. Shugaban bankin, Paul Pester, ya ajiye aiki a watan Satumba, asarar ta kai kimanin fam miliyan 330, sannan a Disambar 2022 hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65. Binciken da aka fitar a 2019 ya soki yadda aka fara tsai da ranar gamawa kafin a san yawan aikin, aka koma ana ƙoƙarin cusa aikin cikin wa'adin.

Darasin kamfanin Lidl na Jamus, mai manyan kantuna, ya sha bamban da waɗannan. Shi bai yi gaggawa ba. Ya fara aiki da SAP a 2011, ya gwada a wasu ƙasashe, amma a 2018 ya yi watsi da aikin bayan kashe kimanin yuro miliyan 500. Babban abin da aka ruwaito shi ne, Lidl yana ƙididdige kayansa da farashin saye, manhajar kuwa an gina ta a kan farashin sayarwa. Kamfanin ya ƙi sauya al'adarsa, sai aka yi ta yi wa manhajar kwaskwarima har ta yi nauyin da ba ta ɗaukuwa.

Ba a ƙetare kaɗai wannan ke faruwa ba. A ƙarshen 2024 wasu manyan bankunan Nijeriya sun sauya manhajojinsu, kuma abokan hulɗa sun shafe kwanaki suna fama da kuɗin da ya maƙale.

Tambayoyi Uku Kafin Zaɓe

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da tambayoyi uku da suka fi muhawarar suna muhimmanci. Ta farko: idan wannan ɓangare ya lalace, ana iya komawa baya? Fasalin shafukan da ma'aikaci zai gani, da rahotannin da manaja ke buƙata, da horar da ma'aikata, duk suna gyaruwa, don haka tsarin sassauci ya fi dacewa da su. Kwashe bayanai da tsara littafin lissafi da ranar ƙaura kuwa suna buƙatar tsaurin tsarin magangara: a rubuta, a gwada, a maimaita gwajin, kada a wuce mataki sai wanda ke da alhaki ya sa hannu.

Ta biyu: wa ya tsai da ranar ƙaura, kuma bisa wane dalili? Ranar da aka yanke a zauren hukumar gudanarwa don a faranta wa masu hannun jari ba ta da wata daraja a wurin manhaja. Sakamakon gwaji ne ya kamata ya haifi rana. Haka kuma wajibi ne a kauce wa lokacin da ciniki ya fi zafi, a fara da reshe ɗaya ko sashe ɗaya, a kuma bar tsohon tsari a raye har sai sabon ya tsaya da ƙafafunsa.

Ta uku: wa zai sauya, kamfani ko manhaja? Wannan hukunci na shugabanni ne, ba na injiniyoyi ba, kuma a watan farko ake yanke shi. Duk al'adar aikin da ba ita ke bambanta kamfani da abokan gasarsa ba, gara a sake ta a bi yadda manhajar ta zo.

Akwai masu cewa ƙaura daki-daki tana da tsada, domin tafiyar da tsari biyu a lokaci guda yana cin kuɗi, yana kuma gajiyar da ma'aikata. Maganarsu gaskiya ce, kuma akwai ayyukan da ba sa rabuwa cikin sauƙi, musamman a banki. Amma wannan tsada sananniya ce, ana iya sa ta a kasafi. Tsadar rushewar tsari kuwa ba wanda ya san iyakarta, domin ta haɗa da zubewar mutunci. Inda ƙaura lokaci guda ta zama dole, to nauyin gwaji ya ninka ke nan.

Kammalawa

Shugaban kamfanin da mashawarci ya zo masa da sunan tsari mai daɗin ji, ya dace ya nemi a nuna masa abubuwa uku a rubuce: jerin abin da ba ya gyaruwa, sharuɗɗan da za a cika kafin a ƙaura, da hanyar komawa idan abu ya ƙi. Ya kuma ba jagoran aikin ikon ɗage rana ba tare da fargabar rasa kujerarsa ba. Jami'o'in da ke koyar da kimiyyar kwamfuta da nazarin kasuwanci su ma suna da nasu kaso, domin ɗalibin da ya haddace sunayen tsare-tsare bai nazarci yadda Hershey da TSB da Lidl suka yi tuntuɓe ba, iliminsa da saura. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma waɗannan kamfanoni sun biya miliyoyi kafin su gaskata haka.