Kada Jiran Sabon Yayi Ya Hana Ka Sayen Akori-Kura

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin 'yan uwana manoma da 'yan tireda na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, a kan wata magana da take yawo a majalisu da bakin tasha, wadda nake jin tsoron za ta ci dukiyar bayin Allah.

Maganar kuwa ita ce, tun da aka ji kamfanin Toyota ya nuna sabon samfurin Hilux a ƙasar Tailan a ƙarshen 2025, sai yara suka shiga nuna wa iyayensu hotonta a waya, ana cewa duk mai niyyar sayen akori-kura ya dakata tukuna, wai da zarar sabuwar ta cika gari tsofaffin za su faɗi warwas. Ni dai a nawa ɗan sanin, wannan shawara ba ta mutanen karkara ba ce. Kuma ba labari aka ba ni ba, a jikina na gani.

A farkon 2023 na sayar da masarar da na ajiye, na haɗa da kuɗin bijimai biyu da abin da tireda ta tara mini, na nufi Kano. Na sami wata tsohuwar Hilux mai lafiya, bakanikena ya duba ta ya yaba, saura kaɗan a yi sallama. Sai wani dillali ya ja ni gefe ya ce, "Malam, kada ka yi gaggawa, manya sun kusa sauya motoci, sababbi na nan tafe, nan da wata uku irin wannan araha za ta yi." Na ga kamar gata ya yi mini, na dawo gida da kuɗina.

To, ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. A watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da gwamnati take sayarwa wajen naira 460, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haye naira 1,500. Da na koma neman mota, kuɗin nan nawa ko kusa da ita bai je ba. A kakar wannan shekarar haya na riƙa biya ana kwaso mini amfanin gona, ni da na kusa zama mai mota. Ban ga laifin kowa ba sai nawa, don kwaɗayin ragi ne ya kai ni.

Masu cewa a jira ba ƙarya suka ƙirƙira ba, gaskiya ce amma ta wata ƙasa. A Turai da Amurka, idan sabon samfuri zai fito, masu shagon mota sukan rage kuɗin na bara domin su sami wurin ajiye sabon, kuma kuɗin ƙasarsu ba ya narkewa a aljihu kamar ƙanƙara. Wanda ya jira a can yana iya cin riba. Mu kuwa wace sabuwar mota muke saye? Sabuwa dal ta gwamnati ce da kamfanoni da 'yan siyasa. Sai sun more ta shekara da shekaru a yi gwanjonta, ko kuma a kawo mana wadda Turawa suka gaji da ita, wadda muke kira Beljiyam ko 'yar Kwatano, ta bi hannu biyu ko uku, sannan ta iso Kwanar Dangora.

A duba lissafin mana. Wani samfurin Hilux ya fito wajen 2005, wani ya biyo baya a 2015, ga na 2025. Tsakanin kowanne shekara goma. Yanzu a tsaya a bakin kasuwar Tudun Wada ranar da take ci, a ƙirga motocin da suke lodin masara da shinkafa, nawa ne a cikinsu samfurin 2015? Yawanci waɗanda suka girme shi ne, sai ƙananan kurkura. Ashe ke nan wadda aka nuna a Tailan, idan Allah ya ba mu tsawon rai, 'ya'yanmu ne za su yi cinikinta. Abin da yake ɗaga kuɗin mota ko ya sauke shi a wurinmu shi ne dala, da kuɗin kwastan, da dokar iyaka, kamar yadda aka hana shigo da motoci ta kan tudu daga Janairun 2017. Ko ɗaya a cikinsu ba ruwansa da fitowar sabon yayi.

Abu na biyu, tsohon yayi ba aibu ba ne ga mai gona. Dattawanmu shaida ne a kan Fijo. Kamfanin da ke Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma bayan Faransa ta daina ƙera 504 ta ɗaukar mutane a 1983, Kaduna ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara 20. Me ya sa akori-kura 404 da 504 suka daɗe suna yi wa ƙauyukanmu bauta? Saboda duk bakaniken da ke gindin bishiya ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa, kayan gyaransu kuma ko'ina akwai. Motocin yanzu kuwa kwamfuta ce a cikinsu, idan suka ƙi tashi sai an jona musu na'ura kafin a san ciwon. Dan Allah, idan irin wannan ta mutu maka da buhu a baya a tsakiyar dajin Falgore, ga magariba ta kawo jiki, wa za ka kira? Mota mai kyau a wurin talaka ita ce wadda idan ya shiga Kofar Ruwa da safe zai samo kayanta, kafin la'asar ta koma bakin aiki.

To yaushe ya kamata a saya? A ganina kalandar gona za a duba. Kada a saya a tsakiyar kaka, domin lokacin kowa ya sayar da amfani, kowa da kuɗi a lalita, dillalai ma sun san da haka, masu nema sun fi motocin yawa. Ga shi kuma motar hannu ba ta rasa gyara, sai ka ga aiki yana wuce ka tana gareji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya kammala haɗa kuɗinsa, ya saya tun da bazara, lokacin da mutane suka karkata ga neman kuɗin taki da iri, har wasu masu motar suke neman mai saye. Ya gyara ta a tsanake, ta yi jigilar taki da damina, kaka na zuwa tana tsaye da ƙafarta, daga gona zuwa gida, daga gida zuwa kasuwa, har Dawanau. Da rani ma ba za ta kwanta ba, ga masu noman rani na yankin madatsar Tiga suna neman mai kai musu tumatir da albasa.

Amma fa ban ce a yi garaje ba. Wanda kuɗinsa bai cika ba kada ya sayar da gonar gado, kada kuma ya ci bashi da sunan masarar da bai girbe ba. Mun ga yadda hatsi ya karye a 2025 alhali taki yana sama, manoma da yawa ko uwar kuɗi ba su mayar ba. Kuma kada a zuba kuɗin duka a kan motar, a ware na taya da baƙin mai da takardu. Ranar ciniki ka tafi da bakanikenka, ba na mai motar ba. A leƙa ƙarƙashinta a ga ko an taɓa yi wa shasi walda, a duba sifirin, a tashi injin da sanyin safiya a ga irin hayaƙin da yake fitarwa, a ɗora mata kaya a hau tudu da ita. A tabbatar takardar kwastan ta gaskiya ce, lambar inji da ta shasi sun dace da abin da ke rubuce, a kuma yi yarjejeniya a gaban shaidu. Idan ƙarfin mutum ɗaya bai kai ba, mutum uku ko huɗu masu amana su haɗa hannu, amma a rubuta rabon kowa tun ranar farko, da wanda zai riƙe balas, don kada mota ta raba zumunci.

Daga ƙarshe ina kira ga shugabannin ƙananan hukumominmu huɗu da gwamnatin Jihar Kano da su dubi hanyoyin ƙauyuka, domin ramukan da damina take bari su ne suke karya mana motoci tun ba mu fanshe kuɗinsu ba. Su kuma samarinmu masu waya, ku riƙa nuna wa iyayenku farashin dala da na buhu kafin ku nuna musu hoton sabuwar mota.

Ni dai sai da na ƙara noman damina biyu sannan na iya sayen wata, ita ma ba ta kai waccan lafiya ba. Allah ya sa wani ya tsira da abin da ya same ni, ya ba mu damina mai albarka, amin.

Wassalam.

Daga mai karanta jaridarku kullum,
wani manomi kuma ɗan tireda,
Ƙaramar Hukumar Kiru, Jihar Kano.