Filin Mata: Kyarkeci Uku Da 'Yan Tsaki Uku

Yau zancen wasa na zo muku da shi, amma ku saurara, gama wasan nan ya kusa haɗa ni rigima da Innarmu.

Akwai wani wasa da a ke yi a wayar hannu, sunansa Professor Layton and the Curious Village. Wani kamfani na ƙasar Japan mai suna Level-5 ya fito da shi a 2007, a kan 'yar na'urar nan Nintendo DS, sa'an nan a 2018 aka mai da shi na waya. Labarin wani Farfesa ne na birnin Landan, mai doguwar hula, da almajirinsa Luke. Matar wani attajiri da ya rasu ta kira su ƙauyensu, domin mijin ya bar wasiyya cewa duk wanda ya gano "Tuffar Zinariya" shi zai gaji dukiyarsa. Ba wanda ya san mene ne tuffar, balle inda ta ke. To, mutanen ƙauyen nan kuwa ba sa ba ka labari a banza. Ka tambayi mutum hanya, sai ya ce ka fara warware masa kacici-kacici. Sun fi ɗari, kuma wani malamin Japan, Akira Tago, wanda ya yi suna wajen littattafan wasa ƙwaƙwalwa, shi ya lura da tsara su.

Ƙanwata mai shekara 13 ita ta mai da wayata tata saboda wasan nan. Ran nan ta shagala har tuwo ya kama. Inna ta ce ita kam ta gaji, daga yau yarinyar nan ba ta ƙara taɓa waya, ga shi dama a makaranta an ce ba ta ja a lissafi. Na ce a ba ni kwana uku in duba abin da kaina tukuna.

Daren farko na ci karo da wannan. Kyarkeci uku da 'yan tsaki uku za su ƙetare kogi. Jirgin fiton ba ya ɗaukar fiye da biyu, ba ya kuwa tafiya ba kowa a ciki. Kadan kyarketai suka fi 'yan tsaki yawa a kowace gaɓa, sun cinye su ke nan. Ni da na yi kwas na malanta, na ce wannan ai aikin 'yan aji uku ne. Wallahi har dare ya raba ina ciyar da kyarketai! Akwai wasu kuɗi na wasa da a ke tsinta a lungunan ƙauyen a sayi haske da su, haske uku ga kowace tambaya, amma girman kai ya hana ni saye.

Da safe yarinyar ta dube ni ta yi murmushi. Ta ɗauko tsakuwa uku da ƙwayar wake uku, ta ja layi a ƙasa da tsinke, ta ce ga kogi. Ta ce, "Yaya, kuskurenki kullum ɗaya ki ke komowa da shi. A fito na shida biyu za su komo, kyarkeci da ɗan tsako." Haka kuwa aka yi, fito 11 kowa ya haye lafiya. Wannan fa ita ce wadda aka ce ba ta ja.

Inna tana tankaɗe tana kallonmu. Can sai ta ce, "Wannan ai zancen kura da akuya da damin harawa ne, wanda kakarku ta kan yi mana a dandali. Akuya a kan fara ƙetarwa." Ashe shi ma yana cikin wasan, sai dai su kyarkeci da tunkiya da kabeji suka sa. Da muka kai gare shi, Inna ce ta warware, ba ta ko taɓa wayar ba.

Kada ku ce na wanke shi sarai. Da Turanci a ke yinsa, yarinyar da ba ta yi nisa a karatu ba sai da mai fassara mata. Saye a ke yi, ba kyauta ba ne. Yana kuma cin lokaci ƙwarai, gama kana gama ɗaya sai ranka ya ce saura ɗaya. Tuwon nan da ya ƙone, hatsin mutane ne. Ba kuma kowane wasan waya ke da irin wannan amfani ba, sai uwa ta zauna ta gani da idonta.

Ga yadda muka shirya da Inna. Waya tana hannuna har a gama aikin gida da na makaranta a yi sallar lisha. Sa'an nan rabin sa'a, a tsakar gida, kuma kowace tambaya sai ta rubuta yadda ta bi ta warware ta cikin littafi kafin ta taɓa amsa. Littafin ya kai shafi tara yanzu. Har yau ba mu gano tuffar ba, wadda ta riga mu kuwa don Allah kada ta rubuto ta gaya mana.